Kowa da Jimlarsa a Layin Sabulu

Mijin yayata shi ne shugaban sashenmu a masana'antar sabulu, kuma tun da na san shi ban taɓa jin an ambaci wani abu a duniya ya ce bai iya ba. A gaban idonsa Shugaba muke ce masa. A bayan idonsa kuwa Na-Jirgi, saboda kowace hira aka ɗauko sai ya karkatar da ita zuwa shekarun da ya ce ya yi yana aiki a jirgin ruwa. Yayata ta taɓa faɗa mini cewa gadin sito ya yi a bakin tashar jiragen, kuma sau ɗaya da ya taka jirgi, amai ya yi tun ba a kwance igiya ba. Ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Ni kuwa na riƙe amana, mutum shida kawai na faɗa wa.

Injinmu mai yanka sabulu ya yi sati shida a mace. Mu goma sha huɗu a sashen, kullum mu zo mu share ƙasa, mu goge abin da muka goge jiya. Ran nan Manaja ya tara mu a gaban injin.

"Kamfanin da ya ƙera shi zai turo injiniya ranar Laraba ta sama," in ji shi. "Wuni ɗaya aka ba mu. Ƙarfe huɗu mota za ta mayar da shi filin jirgi. In injin ya tashi, shi ke nan. In bai tashi ba, zan rufe sashen nan sai sun sake samun wanda za su turo, kuma sun ce wata huɗu ne ko biyar."

Ni kaɗai nake riƙe da yara uku, kuma ba ni da komai sai wannan aikin na liƙa takarda a jikin kwali.

"Matsala ɗaya ce," in ji Manaja. "Sun ce ba ya jin kowane yare sai Sifaniyanci. Zan nemo tafinta."

Na-Jirgi ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ranka ya daɗe, tafinta kuma? Ina tsaye?"

"Ka iya ne?"

"Shekara uku ina cin abinci a kwano ɗaya da su. Akwai lokacin da in na yi mafarki, da yarensu nake yi."

"To faɗi wani abu mu ji," in ji Doguwa, mai naɗe sabulu, wadda ba ta barin magana ta wuce ta gabanta.

"Ba a buɗe yare haka kawai a gaban wanda ba ya ji. Ɓarna ce."

Manaja ya ji an rage masa aiki, ya ce to madalla, ya koma ofis. Na bi Na-Jirgi har gindin matakala.

"Yaya, ka iya da gaske?"

"Auta, je ki liƙa takardarki."

Kwana uku bayan nan na leƙa gidansu da yamma. Yayata ta tare ni a tsakar gida tana magana ƙasa-ƙasa, wai maigida yana bita. Ya sayo wani littafi mai suna kamar koyon hira ga masu farawa, da ɗan katin murya da ake sa wa a waya. Ta taga na hango shi zaune a gefen gado, ya ɗaure kai da tawul, wata mata tana magana a wayar, shi kuma yana amsa mata kamar wanda ake cire wa haƙori. In ya riƙe jimla ta biyu, ta farko ta zube. In ya koma ya ɗauko ta farko, ta biyu ta gudu.

"Tsatsa ce kawai," in ji yayata, fuskarta cike da alfahari. "Ya ce nan da jibi zai dawo daidai."

Bai dawo daidai ba, dabara ce ta dawo. Washegari ya shigo sashen da guntayen kwali goma sha huɗu a hammata, kowanne da rubutu da baƙin alƙalami.

"Ku matso," in ji shi. "Na yi tunani. In ni kaɗai na yi magana, baƙo zai ce mutum ɗaya ne mai ilimi a nan. Ina so ya koma ƙasarsu ya ce masana'anta ce guda ta masana. Ke Doguwa, ke kike dafa sabulu?"

"A'a."

"Ke kike yankawa?"

"Naɗewa nake yi, ka sani."

"To haka yare yake. Ba mai ɗaukarsa shi kaɗai sai wanda bai san tsarin aiki ba. Kowa jimla ɗaya. Za ku jeru daga ƙofar gaba har ƙofar lodi ta baya. Na kusa da kai ya gama, ka ɗora."

"In baƙon ya amsa fa?" in ji Mai tukunya, wanda ke dafa sabulun.

"Na riga ka. Tambaya tana hannunmu, amsa ma tana hannunmu. Lamba biyu zai tambaye shi lafiya, lamba uku zai ce lafiya lau. Shi baƙo ba sai ya wahalar da bakinsa ba."

"To me jimlolin suke nufi?"

"Auta da take liƙa takarda, ta taɓa tambayar me ke cikin sabulu? Ku faɗa da murmushi, ma'ana tana wurina."

Ma'anar da zan riƙa ba ku, daga baya na samo ta a littafin. A lokacin ba wanda ya sani a cikinmu. Ashe darasin farko, na gaisuwa, layi shida ne kacal, mu kuma goma sha huɗu. Da suka ƙare masa sai ya ƙetara darasi na biyu, na kama ɗaki a otal, ya yago na uku, na zuwa asibiti, ya ƙarasa da na huɗu, na tambayar hanya.

Kwana huɗu muka yi muna atisaye. Na-Jirgi ya sa hular kwano ya zama baƙo, ya fita waje ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mai gadi, dattijon da bai san ko harafi ɗaya ba, da kunne ya haddace tasa, ya buɗe ya ce, "Buenos días." Wato barka da safiya. Daga nan layi ya kama. Wanda ya yi tuntuɓe, a koma farko. Mai tukunya ya yi ta maimaita tasa har matarsa ta aiko tambaya ko lafiya. Ni ce lamba goma sha huɗu, a bakin ƙofar lodi, don ta nan aka tsara baƙo zai fita in ya gama. Tawa da ɗaga hannu ake yin ta.

"Da kin ga ya taka bakin ƙofar nan, ki saki," in ji Na-Jirgi. "Kada ki tsaya tunani. Tunani ne yake ɓata ma'aikaci."

Ranar Laraba ya zo da sabbin kaya da yayata ta sa aka ɗinka masa, an goge su har suna iya tsayawa da kansu. Manaja ya tafi wani taro, ya ce zai dawo kafin huɗu. Tun ƙarfe takwas muka jeru. Na-Jirgi ya tsaya can ƙofar gaba kusa da Mai gadi, ya ba mu baya, yana fuskantar titi.

Abin da bai lissafa ba shi ne akwatin kayan aiki. Direban da ya ɗauko baƙon ya ga akwati mai nauyi, ya yi abin da kowane direba mai hankali zai yi, ya zagayo ta ƙofar lodi. Ina tsaye sai ga mota a gabana. Wata mata ta fito, gajera, kakkaura, da furfura a kai da rigar aiki shuɗiya duk tabon mai. Ita ce injiniyar. Ta kinkimi akwatin da kanta, ta taka bakin ƙofa.

Na san ban kwana ce jimlata, ai ba a ɗaga wa mai shigowa hannu haka. Amma kwana huɗu ana hora bakina. Kafin in yi shawara da shi ya buɗe da kansa.

"Adiós, buen viaje," na ce, ina ɗaga hannu da murmushi. Wato sai wata rana, a sauka lafiya.

Matar ta yi turus. Ta dubi direba, ta dube ni, ta dubi mota. Lamba goma sha uku ya ji na kusa da shi ta gama, sai ya ɗora, ya tambaye ta ina tashar jirgin ƙasa take. Lamba goma sha biyu ya ce ta miƙe sannan ta juya hagu. Ta ajiye akwatin ta juya hagu, ta sami Mai tukunya a gabanta, ya washe baki.

"Me duele la cabeza," in ji shi, cikin farin ciki. Kaina yana ciwo.

Baiwar Allah ta laluba aljihu ta ciro ƙwaya biyu ta ba shi. Ya dube ni, na ɗaga kafaɗa. Ya haɗiye su babu ruwa don kada a ce ya raina kyauta. Na gaba ya sanar da ita cewa kwana uku ke nan yana tari. Doguwa ta rusuna da ladabi ta nemi ɗaki mai gado biyu. Injiniya ta ci gaba da tafiya tana bin muryoyi ɗaya bayan ɗaya, idonta na ƙara girma. Aka ce mata lafiya lau, an gode, sannan aka tambaye ta lafiya. A ƙarshe ta isa ƙofar gaba, Mai gadi ya juyo ya gan ta a bayansa, ya ƙame ya ce mata barka da safiya.

Na-Jirgi ya juyo. Ya dube ta, ya dubi layinmu da duk mun riga mun juye kayanmu. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wa ya ce ku fara?"

"Ta baya ta shigo, Shugaba," in ji Doguwa.

"To ku ne za ku bi ta, ko ita za ta bi tsari? A sake."

Wallahi da idona na gani. Ya nuna mata hanya da hannu biyu, ya fitar da ita titi, ya sa Mai gadi ya rufe ƙofa, ya tsaya tare da ita a waje yana koya mata ƙwanƙwasawa. Mai shagon da ke tsallake ya bar ciniki ya fito. Masu jiran mota suka matso. Ta ƙwanƙwasa, ina jin don a rabu da ita lafiya. Aka buɗe, layi ya kama daga farko. Da aka iso kan Mai tukunya ya sake cewa kansa yana ciwo, ta girgiza masa yatsa, ta nuna agogo, alamar bai isa shan wata ba. Sai kusan goma da rabi ta sami ganin injin da ta ƙetaro ƙasashe dominsa.

Ta buɗe murfin, ta leƙa, ta juyo ta yi wa Na-Jirgi tambaya mai tsawo.

"Sí," in ji shi. Wato e.

Ta sake wata.

"Sí, sí."

"Me ta ce?" na tambaya.

"Ta ce tsabtar wurin nan ta burge ta."

"Ai ƙasan injin take nunawa, Yaya. Kamar fitila take nema."

"Ke da kika kore ta tun daga ƙofa, ke ce za ki koya mini?"

Ya aika aka kawo mata shayi. Ta dubi kofin, ta ja dogon numfashi, ta ciro wayarta. Ta yi magana a ciki, ta danna, ta miƙo masa. Ko ni da ban yi nisa a makaranta ba na gane irin wayar nan ce da ake yi wa magana ta juya zuwa wani yare. Raina ya yi fari, na ce Allah ya kawo mafita. Shi ma ya gane. Fuskarsa ta yi kamar an watsa masa ruwan sanyi, sai kuma ya murmure. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya nuna mata allon da ke bango mai hoton waya da jan layi a kai, ya kira Mai gadi.

"Sa ta a akwatin wayoyi. Doka doka ce, ba a shiga da waya cikin sashe."

"Yaya, ita ma?"

"Ko mai kamfanin ne. In na ɗaga wa baƙo yau, gobe Doguwa za ta shigo da tata."

"Taka tana aljihunka, ina ganin shatinta," in ji Doguwa.

"Tawa ta ofis ce."

Injiniya ta bi wayarta da kallo har ta ɓace. Daga nan duk abin da ta tambaya, in "sí" ta yi masa yawa a baki, sai ya kaɗa yatsa ya kira lamba. "Lamba bakwai." Doguwa ta nemi ɗaki mai gado biyu. "Lamba goma sha biyu." Aka ce ta miƙe ta juya hagu. Sau huɗu Doguwa tana neman ɗakin nan. A na huɗun matar ta ce wani abu gajere, mai kaifi, wanda ba ya cikin littafin, na duba.

"Ta ce za ta bincika miki," in ji Na-Jirgi.

Wajen sha biyu ta daina yi wa kowa magana. Ta shimfiɗa kwali, ta kwanta rigingine, ta shige ƙarƙashin injin. Na ɗauko tocilan ɗin Mai gadi na bi ta. Na-Jirgi ya ce in fito, wurina ƙofar lodi ne. Na yi kamar ban ji ba. A can ƙasa ba wanda ya nemi ɗaki. Ta miƙo hannu ta buɗe yatsu, in ɗora mata sifana. In ba ita ba ce ta girgiza kai, in canja. Ta nuna daro, na jawo, ta kwance wani noti, baƙin mai ya tsiyaye har ya ƙare. Ta ciro wani ƙarfe mai haƙora da ya cinye, ta nuna mini, ta yi tsaki irin namu sak. Ta sa sabo, ta shafa wani farin danƙo a bakin murfi, ta ɗaure. Duk bayan 'yan mintoci sai ta duba agogo ta yi ƙwafa. Awa ɗaya da rabin da aka ci mata a ƙofa ita take nema, ba ta samu ba.

A sama kuma muna jin Na-Jirgi yana ba sauran labari.

"Ina gaya muku, lafazinta na ƙauye ne. Shi ya sa nake amsa mata a taƙaice, kada in kunyata ta."

Huɗu saura kwata direba ya fara danna hon. Ta fito, ta goge hannu, ta ɗauko jan salatif ta manna a kan koren maɓallin kunna injin, layi biyu a giciye. Ta tsaya a gaban Na-Jirgi ta yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Ta nuna injin, ta nuna daro, ta nuna sama.

"Sí. Muy bien, gracias," in ji shi, yana dafa ƙirji. Wato e, ya yi kyau, an gode.

Ta kalle shi na ɗan lokaci. Sai ta yago takarda daga littafinta, ta duƙa a kan akwati ta yi ta zane da sauri, ta ninke ta danƙa masa a hannu, ta matse hannun da nata biyu. Ni kuma ta dafa kafaɗata. Ta ɗauki akwatinta ta fita. Lokacin da ya kamata in faɗi jimlata ke nan, amma ban iya ba. Direba ya zagaya da ita ƙofar gaba don ta karɓi wayarta.

Daidai nan Manaja ya shigo yana haki.

"Ya ake ciki? Ya tashi?"

"An gama, ranka ya daɗe. Na tsaya a kanta har ta yi abin da ya kamata."

"Takardar mece ce a hannunka?"

Na-Jirgi ya ɗan buɗe ta dab da ƙirjinsa, ya leƙa da ido ɗaya, ya rufe. Ban yi tsammanin ya ga komai ba, hankalinsa yana kan fuskokin da suka kewaye shi. Ya yi gyaran murya.

"Wasiƙar yabo ce. Ta ce ta zaga ƙasashe da yawa, ba ta taɓa haɗuwa da shugaban sashe irina ba. Sauran na sirri ne."

"Jan salatif ɗin fa?"

"Na buɗewa ne. A can haka suke yi, babba ya yanka, a tafa. A kawo almakashi."

Na matsa kusa da shi, na rage murya don kada Manaja ya ji.

"Yaya, ta tsiyaye mai a daro, ban ga ta mayar ba."

"Sabon ƙarfen da ta sa ba ya shan mai."

"Yaya, motar tana ƙofa, ina jin ƙararta. Ka ce ba ka gane ba, a kira ta, a ba ta wayarta ta faɗa. Ba wanda zai yi maka dariya. Don 'ya'yana."

Ya dube ni. Na rantse na ga tsoro a idonsa, na ga bakinsa ya motsa. Sai Doguwa ta miƙo almakashi, mutane suka fara tafi, ya gyara wuyan riga.

"Auta, matsa. Kina tare wa Manaja."

Ni ma da laifina, ba zan ɓoye ba. Da na ɗaga murya, da na ruga ƙofa. Sai na tuna yayata da dutsen guga a hannu tun da sassafe, na tsaya ina auna kunyarta. Ina cikin aunawa na ji motar ta tashi.

Ya yanka salatif, ya danna kore. Injin ya tashi, kuma tun da nake ban taɓa jin ya yi ƙara mai daɗi haka ba. Sabulu ya fara fitowa, yanka-yanka, tsaf. Manaja ya kama hannun Na-Jirgi yana girgizawa. Na-Jirgi ya hau kan kwali ya fara jawabi a kan muhimmancin ilimin harsuna. Yana cikin shekara ta biyu a jirgin ruwa ƙarar ta canja. Wani ƙauri ya taso. Injin ya fara rawa, ya yi kuka kamar akuyar da aka taka, ya shiga harbo sabulu ba tsari. Guda ya sami Mai tukunya a goshi, a wannan karon da Hausa ya faɗi abin da ke damun kansa. Guda ya fasa gilashin agogon bango. Manaja ya shige bayan Doguwa. Kwalin da Na-Jirgi ke kai ya burme, ya zauna cikin daron baƙin mai da sabbin kayansa. Injin ya yi wata ƙara guda, ya fitar da hayaƙi, ya yi shiru.

Mai gadi ya shigo da gudunsa na tsufa, mai shagon tsallake da masu jiran mota a bayansa. Takardar tana ƙasa, a buɗe. Ya duƙa ya ɗauka, ya nisanta ta da idonsa, ya karkata kai.

"Wa ya kunna?" in ji shi. "Ai ta ce kada a kunna."

"Kai da ba ka iya karatu ba?" in ji Na-Jirgi daga cikin daro.

"Ba karatu a ciki, Shugaba. Ga hannu a kan maɓalli, an soke shi. Ga rana ta faɗi, ga ta ta fito, wato sai gobe. Ga galan ana tsiyaya mai a rami, ga kibiya. Sannan ga hannun kuma, ba a soke ba." Ya juya takardar. "Har ta zana mutum yana murmushi a ƙarshe."

Takardar ta zaga hannu goma sha huɗu, har ta kai ga mai shagon tsallake. Kowa ya karanta ta tsaf. Babu harafi ko ɗaya a jikinta.

"Da wane yaren ta yabe ka?" in ji Doguwa.

"A zanen ƙasarsu, soke hannu alamar girmamawa ce."

Ba wanda ya yi dariya. Manaja ya fito daga bayan Doguwa, ya karkaɗe riga, ya karɓi makullan sashen daga ƙugun Na-Jirgi da kansa. Ya ce kowa ya ajiye rigar aiki a kan tebur, za a neme mu in an sami wanda za a turo. Na ninke tawa. Shekara shida ina sa ta.

Ban wuce gida na zauna ba. Na ɗebi yarana uku, da tabarma, da buhun kayanmu, muka nufi gidan yayata. Na tarar ya riga ni, ya yi wanka ya canja kaya, yana zaune a tsakar gida an ajiye masa abinci. Yayata ta taso da murna, sai ta ga buhu.

"Auta, lafiya? Ya aikin? Ya ce mini baƙuwar har takarda ta ba shi."

"Injin ya ƙone. An rufe sashenmu, an sallame mu, wata biyar. Ba ni da abin da zan ba yaran nan."

Ta juya ta dubi mijinta. Ya ajiye cokali, ya yi gyaran murya.

"Abin da take nufi," in ji shi, "an ba su ɗan hutu."

"Da Hausa ta yi magana, maigida," in ji yayata. "Na ji."

Na shimfiɗa tabarmar a gabansa, na zaunar da yaran, na jawo kwanonsa na ajiye a tsakiyarsu. Ya bi kwanon da ido. Na ce su wanke hannu su ci, a nan za mu yi hutun.